Tafiyar Mutuwa: Masoyan Hanshin a Kan Hanya

A tsakanin birnin Osaka da birnin Kobe na ƙasar Japan, cikin wani gari da ake kira Nishinomiya, akwai wani tsohon filin wasa mai suna Koshien, wanda ciyayi masu yaɗo suka lulluɓe bangonsa, mai cin mutum wajen 47,000, wanda kuma mutanen wannan ƙasa suke ba shi girman da ba su bai wa wani fili ba. Nan ne gidan Hanshin Tigers, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙungiyoyin wasan besbol na Japan, wadda ta yi suna a kan zafin kan masoyanta. Amma kowace shekara idan watan Agusta ya kama, daidai lokacin da kakar wasa ta doshi ƙarshe, kowace nasara ta yi tsada, sai wannan babbar ƙungiya da manyan 'yan wasanta masu albashin miliyoyi su tattara komatsansu su bar gidan har mako uku ko fiye, su shiga yawon baƙunci gari gari, ba don wani mai iko ya kore su ba, sai don a ba yaran makaranta wuri su yi tasu gasar. Tun da daɗewa mutanen Osaka suka laƙaba wa wannan balaguro sunan Tafiyar Mutuwa, kuma duk da munin sunan, dubban mutane ne ke ƙarar da hutunsu da guzurinsu wajen bin sawun ƙungiyar a cikinsa.

Da yake wasan ba sananne ba ne a ƙasashenmu, ya kyautu a yi bayaninsa a taƙaice. Mutum tara ne a kowane ɓangare. Ɗaya ya jefo ƙwallo da iyakar ƙarfinsa, abokin hamayya ya tare shi da kulki, in ya doke shi sai ya yar da kulkin ya ruga yana bin matattara huɗu da aka jera a fili, idan ya kewayo ya dawo inda ya tashi, ƙungiyarsa ta ci maki ɗaya. Da zarar an fitar da mutum uku sai a yi musanya, masu duka su koma tsaro, haka har zagaye tara. Wani malamin makaranta Ba'amurke mai suna Horace Wilson ne ya kawo wasan Japan a 1872, a yau kuwa akwai manyan ƙungiyoyi 12 cikin rukuni biyu, kowace tana buga wasa 143 daga ƙarshen Maris zuwa farkon Oktoba.

Asalin mas'alar kuwa ita ce wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi. An fara gasar makarantun sakandare ta ƙasa tun 1915 bisa ɗawainiyar jaridar Asahi, da jama'a suka yi wa filayen farko yawa sai kamfanin jirgin ƙasa na Hanshin ya gina Koshien a 1924 musamman dominta, alhali ita ƙungiyar Tigers ba a kafa ta ba sai ƙarshen 1935. Ashe ke nan yaran su ne masu gida, ƙwararrun kuwa zaman haya suke yi, ko da yake kamfani ɗaya ne ke da su da filin. Makarantu fiye da 3,000 ne ke shiga zagayen share fage a larduna, 49 ne kaɗai ke isowa Koshien, kuma wanda aka kayar sau ɗaya ya tafi ke nan, babu kome. Gidan talabijin na ƙasa yana nuna kowane wasa daga farko har ƙarshe, ranar 15 ga wata kuma da tsakar rana akan busa jiniya a tsai da wasa, kowa ya sunkuyar da kai don tuna waɗanda yaƙin duniya na biyu ya ci.

Wanda ya ga yadda yaran da aka kayar suke barin filin ba zai sake tambayar dalilin wannan fifiko ba. Bayan sun jeru sun rusuna wa abokan hamayya da 'yan kallo, sai su durƙusa a gaban mazauninsu, kayansu sun yi baƙi ƙirin da ƙasa, hawaye da gumi sun haɗu a fuska, kowane ya buɗe 'yar jakar takalminsa yana dumbuzar baƙar ƙasar filin da tafin hannu yana zubawa a ciki, masu ɗaukar hoto kuma sun kwanta rub da ciki suna neman fuskokinsu. Da yawansu wannan ne wasansu na ƙarshe a rayuwa, wannan ƙasar kuma ita ce za a ajiye a gida a riƙa nuna wa jikoki. A 2020 da annobar korona ta sa aka soke gasar, 'yan wasan Tigers da kansu suka durƙusa suka ɗebi ƙasar, aka ƙunsa ta cikin 'yan mariƙan makulli aka aika wa ɗaliban ajin ƙarshe da suka rasa damarsu. Ƙungiyar da ta yi haka ba za ta buɗe baki ta ce a ba ta gidanta ba.

A zamanin da sunan ya samo asali, lalle akwai wahala ta haƙiƙa. Kafin a buɗe layin jirgin ƙasa mai gudun tsiya da ake kira Shinkansen a 1964, tafiya daga Osaka zuwa Tokyo takan ci sa'a shida da rabi zuwa takwas, Hiroshima kuwa jirgin bai isa gare ta ba sai 1975. 'Yan wasa sukan kwana a masaukai irin na gargajiya, mutum da yawa a ɗaki guda a kan tabarmi, cikin zafin Agusta mai ɗauke da laima, wanda gumi ba ya bushewa a cikinsa ko da dare, su yi makonni ba su ga iyalinsu ba, ba su ci tuwon gidansu ba, kuma duk filin da suka shiga jama'arsa na fatan faɗuwarsu. Ba a banza ba shari'armu ta yi wa matafiyi rangwame a salla da azumi. Sau da yawa ƙungiyar takan bar Koshien tana kan gaba, ta dawo tana jan ƙafa.

Su kuwa masoya, tasu tafiyar tana da nata lissafin. Abokan hamayyar Tigers a rukuninsu biyar ne: Giants da Swallows a Tokyo, BayStars a Yokohama, Dragons a Nagoya, sai Carp a Hiroshima. Al'ada ita ce a yi wasa uku a jere a gari ɗaya, Talata zuwa Alhamis, a tashi a yi wasu uku a wani garin, Juma'a zuwa Lahadi, Litinin kuma ranar hutu ce da tafiya. Tun da aka fitar da jadawali cikin hunturu mai niyya yake zama da kalanda yana auna kwanakin hutunsa da abin da ke aljihunsa, domin kuwa tsakiyar Agusta ita ce lokacin bikin Obon, sa'ad da mutanen Japan ke komawa garuruwansu don ziyarar kaburburan iyaye, jirage su cika maƙil, kuɗin masauki ya hau. Mai hali yakan biya wajen yen 14,000 ya shiga Shinkansen, cikin sa'a biyu da rabi ya ci kilomita fiye da 500 ya sauka Tokyo, da ɗan akwatin shinkafarsa da ya saya a tasha. Ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci kuwa sai motar dare, wadda ke tashi bayan isha ta isa da asuba, ko kuma tikitin rangwame na ƙananan jirage masu tsayawa kowace tasha, a yi ta sauka ana canji har wajen sa'a tara. In an isa, wasu su kwana a irin masaukan nan da ɗakinsu bai fi faɗin katifa ba, ana shigarsa da rarrafe.

Akwai kuma wata jarrabawa da ke jiran mai son komawa gida a daren. Ana fara wasa ƙarfe 6 na yamma, yakan ci sa'a uku ko fiye, jirgin ƙarshe kuwa daga Tokyo zuwa Osaka yana tashi ƙarfe 9 da 'yan mintoci. Saboda haka a zagaye na takwas, daidai lokacin da wasa ya ɗau zafi, za ka ga mutum yana duban agogo yana duban fili, ya miƙe ya koma ya zauna, har dai ɗayan biyu ya rinjaya, ko tsoron maigidansa a wurin aiki gobe da safe, ko kuwa son da ya kawo shi. Ga kuma guguwar teku da kan faɗo wa ƙasar a wannan lokaci. Filayen Jingu da Yokohama da Hiroshima ba su da rufi, in ruwa ya sauko aka ɗage wasa, kuɗin tikiti ne kaɗai za a mayar maka, na jirgi da na masauki sun bi ruwa.

To, mene ne mutum yake samu bayan duk wannan ɗawainiya? Amsar tana bayan fili ta hannun hagu, inda aka keɓe wa baƙi mazauni, kuma babu inda ya fi dacewa a gan ta kamar filin Jingu na Tokyo, wanda aka gina tun 1926, inda shahararren ɗan wasan Amurka Babe Ruth ya taɓa wasa a 1934. Tun la'asar ake fara taruwa, rawaya da baƙi ko'ina, wasu da rigar 'yan wasa mai ratsi-ratsi, wasu da doguwar riga wadda aka yi wa aikin zare da hoton damisa da sunayen gwanayensu tun daga wuya har ƙafa, kowa da 'yan kulake biyu na roba rataye a wuya da tawul na share gumi. A gaba akwai shugabannin shewa, masu ƙaho da ganga da manyan tutoci, waɗanda ba sa hawa wannan matsayi sai da izinin hukumar wasan, kuma galibin lokaci bayansu ne ke fuskantar fili, fuskarsu na kan jama'a. Kowane ɗan wasa yana da nasa take, da ya ɗauki kulki ya nufo sai ƙaho ya ɗauko taken, dubban mutane su amsa da murya ɗaya suna buga kulakensu, ba wanda ya riga wani. Wanda ya san yadda 'yan dambe ke bin garuruwa bayan kaka, makaɗa na biye da su, kowane shago da kiɗan da ke tsima shi, ya fahimci rabin al'amarin. Ragowar rabin shi ne ladabi: muddin abokan hamayya ne ke duka, sai wannan taro duka ya zauna ya yi tsit, ya bar wa masu gida fage, sai an yi musanya sannan ya sake miƙewa. Haramun ne kuma a shiga wannan sashe da rigar masu gida. A wasu filayen da ƙarfe 10 ta buga ake ajiye ƙaho da ganga saboda haƙƙin maƙwabta, a ci gaba da murya da tafi.

Su masu gidan na Jingu, wato masoyan Swallows, idan suka ci maki sai su buɗe 'yan ƙananan laimomi suna ɗagawa sama suna rausaya, amma sau da yawa in ka dubi filin sai ka rasa wane ne baƙo, domin mutanen yankin Osaka da neman abinci ya kai Tokyo suna da yawan gaske, kuma zuwan Tigers shi ne ranar da suke jin harshen garinsu a bakin dubbai, su yi raha irin ta gida, su yi wa ɗan wasansu tsiya in ya yi sake. Akwai tsohuwar gasa tsakanin biranen biyu, Tokyo garin mulki da taƙama, Osaka garin fatauci da barkwanci, kuma ba wasa kaɗai ake bugawa ba duk ranar da aka haɗu da Giants. In an yi nasara sai a tsaya a rera waƙar ƙungiya, wadda aka fi sani da Rokko Oroshi, a fita ana rerawa har bakin tasha.

A Hiroshima labari yakan sha bamban. Can an ɗora baƙi a wani ɗan bene guda, ja ya kewaye su ta kowace fuska, gama Carp ƙungiya ce da mutanen birnin suka raya da karo-karon kuɗinsu 'yan shekaru bayan bom ya rushe garin, ba su kuwa sakin kujera da sauƙi. Nagoya da babban filin Tokyo masu rufi ne, ana zuwa a sha sanyi.

Abin da ke ƙara wa tafiyar ƙarshen kaka armashi shi ne lissafi. Idan ƙungiya ta yi nisa a gaba, jaridu sukan fara buga wata lamba, wato adadin nasarorin da suka rage mata ta ɗauki kambi, wadda ke raguwa duk ranar da ta ci ko mai bi mata ya faɗi. Akwai jaridar wasanni ta Daily Sports da ake bugawa a Kobe, wadda aka san ta da sa Tigers a shafin farko kome ya faru a duniya. Daga nan sai masoya su shiga hasashen ranar da lambar za ta ƙare da garin da za ta ƙare a cikinsa, a yi ta sayen tikiti a makance, domin ba wanda yake so a ce an ɗaga mai horarwa ana cilla shi sama, kamar yadda suke yi ranar nasara, shi yana gida gaban talabijin.

Tarihin ƙungiyar cike yake da irin waɗannan ranaku, masu daɗi da masu ɗaci. A Oktoban 1973 saura wasa biyu, Tigers na buƙatar nasara ɗaya tak, ko ma kunnen doki a na farkon. Suka je Nagoya suka faɗi, kuma an ruwaito cewa ana cikin wasan jirgin da ke ɗauke da 'yan Giants zuwa Osaka ya wuce ta gefen filin, suna leƙen allon maki ta taga. Bayan kwana biyu Giants suka lallasa su da ci 9 da nema a Koshien, suka ɗauki kambi na tara a jere, jama'a suka fusata suka ɓarke cikin fili, har masu nasara suka tsere ba su yi bikinsu ba.

Shekarar 1985 kuwa ita ce wadda dattawan masoya ba sa gajiya da labarinta. Ƙungiyar tana tsakiyar Tafiyar Mutuwa, tana fafutukar zama kan gaba, sai ranar 12 ga Agusta jirgin saman da ya tashi daga Tokyo zuwa Osaka cike da matafiyan Obon ya faɗi a kan duwatsun lardin Gunma, mutum 520 suka rasu, cikinsu har da shugaban ƙungiyar, Nakano Hajime. 'Yan wasa suka ɗimauce, suka yi ta faɗuwa a jere, har aka fara cewa shi ke nan, bana ma ta wuce. Amma suka farfaɗo, ga Ba'amurken nan mai gemu Randy Bass yana ta tsallakar da ƙwallo bayan katanga, har sau 54 a wannan kaka. Ranar 16 ga Oktoba, a filin Jingu, a baƙunci, gaban taron da mafi yawansa nasu ne, suka yi kunnen doki 5 da 5 da Swallows, wanda ya ishe su ɗaukar kambin rukuni karo na farko cikin shekara 21. Kofin ƙasa baki ɗaya ma, wanda zakarun rukuni biyun ke fafatawa a kansa, na farko a tarihinsu, a gidan Seibu Lions suka ɗauko shi. A cikin hargitsin murnar wannan kaka ne wasu suka sunkuci mutum-mutumin tsohon nan mai farin gemu da ke ƙofar shagon kaji na KFC, wai ya yi kama da Bass, suka jefa shi cikin kogin Dotonbori na Osaka.

Da ƙungiyar ta shiga shekarun duhu, ta zo ta ƙarshe sau 10 tsakanin 1987 da 2001, sai aka ce ai alhakin mutum-mutumin ne, ba za a sake ganin alheri ba sai an tsamo shi. An tsamo shi a 2009, ba hannu ɗaya ba tabarau, kofin kuwa bai zo ba sai bayan shekara 14. Wannan camfi ne, su ma masu faɗarsa rabinsa raha suke yi, amma ni a ganina sunan Tafiyar Mutuwa ma ya daɗe da komawa ɗan'uwansa. Tun 1997 aka buɗe wani fili mai rufi a cikin Osaka, inda Tigers ke karɓar wasu wasanninsu na Agusta a matsayin masu gida, su kwana a gadajensu. Masaukan yanzu kowa da ɗakinsa, jirgi kuma ya naɗe ƙasa. Har akwai masu cewa ribar ƙafa ce ma, tun da yake wata ne da ake yin galibinsa a inuwa cikin sanyin na'ura, alhali yaran makaranta na can suna gasuwa a Koshien.

Ba wai gida ba shi da tasiri ba ne. A wasannin kofin ƙasa na 2003 da Daiei Hawks, wasa bakwai aka yi, kowanne mai gida ne ya ci, Tigers suka ci ukunsu a Koshien, suka zubar da huɗu a Fukuoka. Amma abin da hanya take yi shi ne tona asiri. Zuwa Agusta an buga wasa wajen 100, hannuwan masu jifa sun gaji, tsofaffin raunuka sun tashi, ƙungiyar da ta dogara ga mutum uku ko huɗu sai a ga ramarta, wadda kuma take da mataimaka a benci sai ta wuce. A 2008 Tigers sun ba Giants ratar wasa 13 a tsakiyar kaka, wasu manyansu suka tafi gasar Olamfik ta Beijing, suka dawo ba yadda suka tafi ba, ratar ta narke, Giants suka ɗauke kambin, mai horarwa Okada Akinobu ya ajiye aiki. Shi wannan Okada ne ya dawo a 2023 da ƙungiya mai yalwar masu jifa da haƙurin jiran ƙwallo, a watan da ake tsoro suka ci wasa 18 suka faɗi 7, har da nasara goma a jere, suka ɗauki kambi ranar 14 ga Satumba, sannan suka kayar da maƙwabtansu Orix Buffaloes a wasa na bakwai suka karɓi kofin ƙasa bayan shekara 38. A 2025 ma, ƙarƙashin Fujikawa Kyuji, suna dawowa daga tafiyar ba da jimawa ba suka gama lissafi tun ranar 7 ga Satumba. Duk da haka in ƙungiya ta faɗi sau uku a jere a Agusta mai zuwa, tsohon sunan ne zai hau kanun jarida, gama ya fi sauƙi a zargi hanya da a zargi wanda ake so.

Abin da ake muhawara a kansa yanzu shi ne zafi. Bazarar Japan tana ƙara tsanani, likitoci da iyaye suna kokawa a kan yara masu wasa da tsakar rana, har wasu suna ba da shawarar a mayar da gasar fili mai rufi, wanda da an yi haka da Tigers sun zauna a gidansu. Sai dai yaran da malamansu ba su nuna alamar yarda su rabu da wannan baƙar ƙasa ba. Abin da hukumar gasar ta zaɓa shi ne ta ƙara ranakun hutu, ta sa a riƙa tsayawa a tsakiyar wasa a sha ruwa a huce, daga 2024 kuma ta fara raba wasannin wasu ranaku gida biyu, na safe da na yamma, kamfanin Hanshin kuma ya ɗauki aikin faɗaɗa rufin filin don ya inuwantar da mazaunin ɗalibai masu shewa. Kowace rana da aka ƙara wa yaran, an ƙara ta ne a kan kwanakin da Tigers da mabiyansu za su yi a waje.